Na Taka Gindin Teku a Sakkwato

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Zariya. Duk shekara sai na cika allo da zane guda: gajimare, itace, saniya, teku, dutse, da kibiyoyi masu nuna yadda sinadarin kabon ke barin wannan ya shiga wancan. Yara su kwafa, su haddace, su maido mini a jarrabawa. Ban taɓa riƙe abin a tafin hannuna ba sai cikin watan Oktoban da ya wuce, lokacin da ɗaurin auren ɗan wani aminina ya kai ni Sakkwato.

Akwai ɗan yayata da ke karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da ya ji ina tafe, sai ya bugo waya ana jibi zan tashi. "Kawu, alfarma biyu nake nema. Ka ƙara kwana ɗaya bayan ɗaurin aure, sannan ka biya Kufena ka tsinko mini dutse kamar ƙwan kaza." Na tambaye shi ko duwatsu sun ƙare a Sakkwato ne, ya ce irin namu ne babu. Da yammacin Laraba na hau babur na je gindin dutsen. Duk Bazazzagi ya san Kufena, amma ranar ce na tsaya na ƙare masa kallo. Baƙaƙen layuka sun gangaro daga sama inda ruwan damina ke bi, bayansa yana ɓarewa falle-falle kamar albasa, a ƙasa kuma tsakuwa ce da jan yumɓu. Na zaɓi guda mai ƙyalli na jefa a aljihun jaka.

Ranar Alhamis, ana idar da sallar asuba na nufi Kwangila. Na samu Sharon saura mutum biyu, na biya naira 15,000, aka ba ni gidan gaba kusa da direba. Bakwai saura muka tashi. Muka ratsa Samaru, muka wuce Shika, gari ya waye mana sosai a Giwa.

Wanda bai bi wannan hanya da kaka ba bai ga arzikin ƙasar Zazzau ba. Dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, masara an ɓare ta an shanya a gefen kwalta, jan barkono ya rufe kan duwatsu. Na daɗe ina kallon karan dawar nan da ya fi mutum tsawo. Cikin watan Mayu filin nan fayau yake, ba komai sai ƙura. To duk wannan kara da ganye da zangarniya daga ina suka fito? Manomi zai ce daga ƙasa da taki, kuma ba laifi, suna da nasu rabon. Amma in ka busar da kara ka auna, kusan rabin nauyinsa kabon ne, kuma daga iska ganye ya zuƙo shi da taimakon hasken rana. Tuwon da za mu ci bana, wata biyar da suka wuce iska ne yana yawo a kan gonakin Giwa. Mu ci, mu yi numfashi, mu mayar da shi. Karan kuma shanu su ci, ko gara ta ci, ko mata su hura wuta da shi, duk dai can zai koma kafin wata daminar.

Kafin mu kai Funtuwa mun yi kiciɓis da manyan motoci uku shaƙe da buhunan gawayi. Direba ya girgiza kai. "Malam, da can ƙirya ake yi da ita. Yanzu har ɗorawa da kaɗanya ba su tsira ba." Ya ce matarsa ma gawayin take amfani da shi tunda gas ya fi ƙarfinsu, kuma ni ban ga bakin yi masa faɗa ba, don a gidana ma akwai kurfoti. Daga nan hira ta koma kan tsadar mai. Na ce masa kowace lita da motar nan ta sha tana fitar da wajen kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid ta salansa. Ya dube ni da gefen ido. "Haba Malam. Ai litar kanta ba ta kai kilo ba. Na sha ɗaukar jarka." Na ji daɗin wannan gardama, domin gaskiya ya faɗa. Na yi masa bayani cewa kabon da ke cikin man ba shi kaɗai yake fita ba, sai ya haɗu da iskar da injin ke shaƙa, kuma nauyin abokiyar haɗin ya fi nasa. Ya yi shiru, can ya ce, "Shi ya sa in abin tace iska ya toshe mota ba ta ja." Ya riga ya gane, ta hanyar da ya saba.

Daga Funtuwa hira ta mutu. Shingayen jami'an tsaro suka fara yawa, na ƙirga goma sha huɗu kafin Gusau. A wasu a ɗaga mana hannu, a wasu a leƙa but, a guda ɗaya aka sauke mu duka aka duba jakunkuna. Wani matashi mai kaki ya zaro dutsen Kufena ya jujjuya shi, ya tambaye ni ko na ma'adini ne. A yankin da haƙar zinariya ta jawo abin da ta jawo, tambayar ba ta wasa ba ce. Na nuna masa katin aikina, ya mayar mini da shi ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Tsakanin 'Yankara da Tsafe ba wanda ya yi tari a motar. Wata dattijuwa a baya tana ta jan carbi, direba ya taka mota iyakar ƙarfinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gonakin da na hango can nesa da titi, waɗanda ba a noma ba. Kunyoyin bara suna nan, amma ciyawa da sabara sun cinye su. Masu su sun gudu. Ƙasa ba ta jira kowa, ganye yana ta aikinsa na zuƙar iska, sai dai ba bakin da zai ci. Sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana a gabanmu, ƙato, baƙi, ɗan'uwan Kufena sak, na ji mutane sun fara sauke ajiyar zuciya.

A Gusau muka yi azahar, na ci shinkafa da wake da mai da yaji na naira 1,500. Bungudu da Maru na wuce su ina gyangyaɗi.

Bayan Talatar Mafara ƙasa ta sauya kama. Manyan duwatsun nan masu ƙoƙon kai irin namu suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, fili ya miƙe, sai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke su da wuƙa, da marmara a samansu. Gero ya karɓi wurin dawa, an riga an girbe shi an ɗaure dammuna. Raƙuma suka fara gilmawa. Wajen Dange na ga inda ruwa ya zaftare gefen tudu, ƙasar ta fito hawa-hawa, wani toka-toka, wani fari, wani rawaya, kamar an jera tabarmi. Ban san cewa tun daga nan na shiga abin da aka kira ni in gani ba. Mun isa Sakkwato ana kiran la'asar.

Aminina ya sauke ni a ɗakin baƙinsa, aka kawo fura mai sanyi wadda har yau ban sha irinta a Zariya ba. Amma zafi! A gida cikin Oktoba da dare har mayafi mukan ja. A can sai da na fito da katifa tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro kafin barci ya ɗauke ni. Ranar Juma'a aka ɗaura aure lafiya, da yamma na ziyarci Hubbaren Shehu na yi addu'a.

Asabar da sassafe ɗan yayan nawa ya zo da aron babur, da ƙaramar guduma a rataye a ƙugu, da lemun tsami guda uku a aljihu. Muka nufi Kalambaina, yamma da gari, a ƙaramar hukumar Wamakko. Tun daga nesa ake hango dogayen gine-ginen kamfanin siminti, da jerin tireloli suna jiran lodi. An kafa kamfanin a 1962, ya fara fitar da siminti a 1967, yanzu yana hannun BUA. Mu ba ciki muka nufa ba. Yaron ya karkata ya bi wata 'yar burtali, muka ajiye babur, muka gangara wani kwazazzabo da ruwa ya ƙwaƙule.

Gefen kwazazzabon fari ne fat, mai garin alli, yana kashe ido in rana ta doke shi. Yaron ya durƙusa ya fara ƙwanƙwasa. Ba a yi minti biyar ba ya miƙo mini wani abu. Katantanwa ce, da murɗinta da komai, sai dai ta zama dutse. Ya sake miƙo wata mai faɗi irin ta ƙumba, layukan bayanta ba wanda ya goge. Sannan wani ɗan dunƙule kamar ƙosai, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa, ya ce bushiyar teku ce, kuma irinta ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri. Na tsaya riƙe da su, gumi yana tsiyaya a bayana, akuya tana kuka a saman tudu. Daga inda nake tsaye zuwa bakin teku a Legas tafiyar yini da kwana ce a mota.

"Kawu, a gindin teku kake tsaye," in ji shi. Ya ce wajen shekara miliyan 60 da suka wuce wani hannun teku ya ratso Sahara daga arewa, ya bi ta inda Mali da Nijar suke a yau, ya malale wannan yanki. Ruwa ne marar zurfi, mai ɗumi, cike da kifaye da kunkuru da kadoji, kuma an sha tono ƙasusuwansu a ƙasar Sakkwato. Halittu masu ɓawo suka rayu, suka mutu, ɓawonsu ya kwanta a kan na iyayensu, ƙarni bayan ƙarni, har ya danƙare ya zama wannan farin dutse da ake siminti da shi.

Muna cikin haka wani dattijo ya leƙo daga sama, fartanya a kafaɗa.

"Sannunku da aiki. Mi kuka biɗa cikin wanga rami?"

"Baba, katantanwar dutse muke nema," na ce.

"Awo. Tun muna ƙanana muka wasa da su. Tsohhinmu sun ce ruwan Ɗuhwana ne yab baro su."

Yaron ya buɗe baki zai yi magana, na dafa kafaɗarsa. Mutanen wannan wuri sun ga ɓawon halittar ruwa a tsakiyar tudu, suka ce lallai ruwa ya taɓa rufe nan, tun kafin a buɗe jami'a. A kan lokaci ne kawai lissafinsu da na masana ya bambanta. Dattijon ya sauko ya zauna tare da mu, ya ce rijiyoyinsu ruwansu ba ya kumfa da sabulu, kuma butar shayi takan yi farin dafi a ciki. Yaron ya ce ai dutsen ne ke narkewa a ruwan, ya sake fitowa a gindin buta.

Sai ya ce in kawo dutsen Kufena. Ya ajiye shi a kan gwiwarsa kusa da gutsuren farin dutse, ya yanka lemu ya matsa a kan namu. Ruwan ya gangara, shiru. Ya kankare farin da bakin guduma ya matsa masa. Nan take ƙananan kumfa suka taso, na kai kunne na ji yana 'yar ƙara kamar an jefa gishiri a wuta. Dattijo ya ce, "Ikon Allah!"

"Wannan kumfar iskar kabon ce, Kawu. Shekara miliyan 60 tana ɗaure, yau ta fita."

A nan ne ya haɗa mini duwatsun biyu, kuma a nan ne zanen allona ya tashi da rai. Ruwan sama yana ɗauko iskar kabon tun daga sama, ya yi ɗan tsami kaɗan wanda harshe ba ya ji. In ya sauka a kan dutse irin Kufena, wanda ya haura shekara miliyan 500, sai ya riƙa cinsa a hankali. Abin da ya rage shi ne yumɓun da muke tubali da tukwane da shi. Abin da ya narke, har da sinadarin kalsiyam da kabon ɗin da ruwan ya zo da shi, sai ya bi rafi ya faɗa Galma, Galma ta kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta miƙa wa Neja, Neja ta zuba a Atilantika. A can halittun ruwa su kama su su gina ɓawo. Ashe baƙaƙen layukan da na gani a jikin Kufena ranar Laraba farkon tafiya ne, farin dutsen da ke hannuna kuma masauki. Ya ce teku tana riƙe da kabon da ya ninka na sararin sama wajen sau 50, amma duk da haka babbar ma'ajiya ita ce duwatsu irin wannan.

Na tambaye shi, in ba lemun tsami, ta ina yake komawa sama? Ya ce ta duwatsu masu aman wuta. Gindin teku yana nutsewa ƙarƙashin ƙasa a wasu sassan duniya, zafi ya dafa shi, iskar ta nemi hanyar fita. Ya tuna mini da tafkin Nyos na Kamaru, wanda ke bakin irin wannan dutse, inda a watan Agustan 1986 iskar kabon da ta taru a ƙarƙashin ruwa ta taso dare ɗaya ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobinsu suna barci. Amma duk aman duwatsun duniya a shekara bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da 'yan Adam ke fitarwa ba, wanda ya haura tan biliyan 35.

Da muka hau tudu muka zauna a inuwar wata aduwa, kamfanin yana gabanmu. Yaron ya nuna mini doguwar tanderun da ke kwance tana juyawa. A ciki wuta takan kai digiri 1,450. Tun a wajen digiri 900 farin dutse ke sakin iskarsa, kuma cikin kowane kilo 100 na tsantsarsa kilo 44 iska ne ke tashi. Ga kuma hayaƙin makamashin da ake hura wutar da shi. A duniya baki ɗaya, siminti kaɗai yana da wajen kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da mutane ke fitarwa.

Jikina ya yi sanyi, domin ina da gini a Zariya da na kai shi linta, kuma na san adadin buhunan da na saya ɗaya bayan ɗaya daga albashi. Ba na jin kunyar ginin. 'Ya'yana suna buƙatar ɗaki, garuruwanmu suna buƙatar gada da asibiti, kuma Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Wanda ya gama gina nasa birnin ba shi da bakin hana mu. Amma a ƙarƙashin aduwar nan na gane kuskuren zanena. Na yi shekaru ina zana kibiyoyin da tsawo ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba. Na ganye da numfashi da kara kuɗin cefane ne, su fita da safe su dawo da yamma. Ko itacen gawayi, in an dasa wani, cikin shekara talatin ko arba'in zai maido abin da aka ƙona. Farin dutse da kwal ɗin Inugu da man da aka fara samu a Oloibiri a 1956 kuwa rumbun tsimi ne da aka yi miliyoyin shekaru ana tarawa da cokali, mu kuma muna ɗiba da masaki. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan a sararin sama. Da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ta kai wajen 315. Yanzu ta wuce 420. Ita ce ke riƙe zafi kamar bargo. Teku tana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muke fitarwa, kuma hakan yana ƙara mata tsami, har masu ɓawo irin na hannuna suna shan wuyar gina nasu.

Yaron ya ƙara mini da abu ɗaya da ban sani ba: bangon siminti yana ci gaba da zuƙar iskar kabon kaɗan-kaɗan tsawon shekaru, yana komawa dutsen da ya fito daga gare shi, ko da yake ba ya maido duka.

Dattijon bai bar mu mun tafi haka ba, sai da ya aika gida aka kawo mana hoce da ruwa a kwanon sha. Na ba shi goro, ya sa mana albarka.

Lahadi na kamo hanya da sassafe don mu wuce Tsafe da rana tsaka. Taya ta fashe mana kusa da Tureta, muka yi awa guda a rana, kuma daga Gusau har Funtuwa muna bayan wata tirelar siminti da ta ƙi ba da hanya. Na shiga gida ana kiran magariba, ƙura har cikin kunne.

Ranar Litinin ban zana komai a allo ba. Na ajiye duwatsun biyu a kan tebur, na aiki wani yaro ya sayo lemun tsami na naira 200 a bakin ƙofa, na ce su matso. Da kumfar ta taso sai da ajin ya kaure, na baya suna hawa kan benci. Wata yarinya ta riƙe bushiyar tekun ta ƙi saki, tana ta tambaya ko da gaske daga Sakkwato na samo ta, don can ne garin kakarta kuma ko rijiya sai an yi gaba da gaba kafin a tarar da ruwa. Na riga na matsa wa farin dutsen lemu a aji huɗu, gefe guda har ya fara lotsawa, don haka na aika wa ɗan yayata ya cika mini leda in zai dawo hutu.